Kafin ka bari a manna fastarka a firam

Ɗan'uwa, ka ce kana da fastoci uku na wasan mawaƙa, biyu irin na sikirin firintin, wato bugun da ake tura tawada ta cikin lallausar raga, masu lamba da sa hannun mai zane a ƙasa, sun daɗe a naɗe cikin bututun kwali, ɗaya kuma tsohuwa ce ta kwali mai kauri da ka saya a hannun wani. Kana so ka rataye su a falo, mai firam kuma ya ce ka bari ya manna su da gam a jikin allo su kwanta sumul, ya ɗan datse gefen ɗaya don ta shiga firam ɗin da yake da shi a ƙasa. Tambayarka ko ka yarda.

Kar ka yarda, dan Allah. Ba wai cutarka yake son yi ba, abin da ya saba kenan, a kawo hoto ya manna ya yi kyau a biya shi, kuma ga hoton da za a iya sake wankowa gobe ai ba laifi. Amma fastar da aka buga guda 200 ko 300 kacal aka sa mata lamba, in ta lalace ta lalace kenan. Mu masu aikin adana takarda ƙa'ida ɗaya muke bi, kuma duk surutun da zan yi maka daga cikinta ya fito: duk abin da za a yi wa takardar nan ya zama ana iya warware shi, wato a ciro ta daga firam bayan shekara 20 ta fito yadda ta shiga. Gam ba ya warwaruwa ta daɗi, lamineshan ba ya warwaruwa sam, almakashi kuwa ba a ma maganarsa.

Kuma ba maganar kyan gani ba ce kawai, shaida ake gogewa. Ɗauki fastocin birnin San Faransisko na Amurka da aka fara bugawa a 1966, na wasannin waƙa da Bill Graham ke shiryawa a zauren Fillmore, da na ƙungiyar Family Dog a ɗakin rawa na Avalon, zanen su Wes Wilson da Victor Moscoso da Rick Griffin da Stanley Mouse da Alton Kelley. An buga su ne don talla kafin ranar wasa, da aka ga mutane na ɓalle su suna kaiwa gida sai aka riƙa sake buga da yawansu don sayarwa, wasu sau biyu wasu fiye. Zane ɗaya ne, amma tsakanin bugun farko da na baya akwai tazara mai yawa a daraja. To da me ake bambancewa? Da kaurin takardar, da launin bayanta da yadda yake a hannu, da ainihin tsawo da faɗinta, da 'yan ƙananan rubuce-rubuce da tabon maɗaba'a da ke can bakin gefe inda ido ba ya zuwa. Ka ga in an shafe bayan da gam an manna a allo, an kuma yanke santimita ɗaya a gefe, duk mai saye mai hankali ba shi da abin dubawa, sai ya ɗauke ta a matsayin mafi ƙasƙancin bugu ko ya wuce abinsa. Naka na zamani ma haka, farin gefen nan da kake ganin ba komai a jiki wani ɓangare ne na aikin, can lamba take, can sa hannu yake.

Salatif ma ka sa shi a layin gam. Tun 1930 kamfanin 3M ya fito da wannan mai shara-sharan, don haka an samu isasshen lokacin ganin abin da yake wa takarda. In aka kawo mana tsohon firam da aka yi aikin da salatif muka buɗe bayan, kusan kullum abu ɗaya ne: ledar salatif ɗin ta bushe ta saki da kanta tana kwance a ƙasan firam, amma inda ta zauna an bar tabo ruwan ƙasa mai kusurwa huɗu, danƙon ya narke ya shige cikin zaren takardar har ya ɓullo ta gaba, in ka ɗaga ta wajen haske za ka ga wurin haske na ratsa shi. Ana iya rage tabon da sinadarai amma da wuya ya fita duka. Har waɗanda ake rubuta wa babu asid a jikin kwalinsu, ni dai ba na sa su kai tsaye a jikin abin da nake ji da shi, domin rashin asid daban, ɓantaruwa ba tare da ɓarna ba daban. Gam na feshi da ƙyallen manni da ake gogawa da zafi duk tafiyarsu ɗaya.

Yanzu na cikin bututun. Ka wanke hannu ka busar sosai, ka cire agogo da zobe, ka share babban tebur. Kar ka kama bakin fastar ka fizgo, a nan ake samun yagewar farko. Ka sa yatsu ta ciki ka ɗan murza naɗin ya tsuke, sai ka zaro ta tare da takardar da aka naɗe ta a ciki. Ka ajiye ta ka ƙyale ta kwana ɗaya ko biyu ta saki jiki da kanta, sannan a hankali ka buɗe, ka shimfiɗa farar takarda marar asid a ƙasa da sama, ka ɗora allo mai santsi wanda ya fi ta girma, sai littattafai a kai a ko'ina daidai. Sati ɗaya zuwa biyu, wata ma ta fi haka, tunda ta daɗe a naɗe. Kar ka juya naɗin ta baya don ka hanzarta, kar ka kawo dutsen guga kusa, kar ka fesa ruwa. Tawadar sikirin firintin ba ta shiga cikin takarda sosai, a sama take zaune da kauri, in ka shafa da gefen yatsa za ka ji tudunta, to ita lanƙwasa ta ƙarfi tana tsattsaga ta, gogayya kaɗan kuma tana barin sheƙi a kan baƙi ko shuɗi mai duhu wanda ba ya gyaruwa. In kana buɗewa ka ji takardar na turjiya ko tana ƙara ƙas-ƙas, tsaya nan. Masu gyaran takarda suna da akwatin da suke sa mata danshi a hankali ba tare da ruwa ya taɓa ta ba, aikinsu ne.

Sannan ka cire rai da cewa za ta kwanta lif ɗari bisa ɗari. Wannan son a ga ta miƙe sumul shi ke kai mutane ga gam, garin gyaran gira a rasa ido. Takarda tana shan danshin iska ta ɗan buɗe, iska ta bushe ta tsuke, kullum cikin motsi take duk da ido ba ya gani. Ɗan lanƙwasa kaɗan a cikin firam ba aibu ba ne, alama ce ma ba a manna ta ba. In aka ɗaure ta ta gefe huɗu, ta buɗe ba ta da wajen zuwa, sai ta yi tudu-tudu a tsakiya, in ta tsuke kuma ta ja har ta yage a kusurwa.

Shi ya sa ake rataye ta ta sama kawai, kamar labule, ƙasa da gefuna a sake. Abin ratayewar 'yan guntayen takardar Japan ne, wadda ake yi da ɓawon bishiyar kozo, siririya ce amma zarenta dogo ne mai ƙarfi, a liƙa da sitatin alkama da aka dafa. Ga yadda yake a kan tebur: sitati kashi 1, tataccen ruwa kashi 4 ko 5, a ɗora a wuta marar ƙarfi ana juyawa ba tsayawa har ya tashi daga fari ya koma shara-shara ya yi danƙo, a bar shi ya huce, a tace, a sassauta da ruwa kaɗan. Ita takardar ba a yanka ta da almakashi, ana ja mata layi da jiƙaƙƙen buroshi a yage, don bakin ya yi gashi-gashi kar ya bar shaidar layi ta gaba. A kifa fastar, a shafa sitatin siriri a bakin guntun, abin da bai wuce milimita 5 ko 6 ba, a jira sheƙin ruwan ya ɗan dushe, a ɗora a bayan fastar ta can sama, a sa takarda mai tsotse ruwa da ɗan nauyi a kai har ya bushe. Ragowar guntun da ya leƙo sama shi ake liƙewa a allon baya da wani guntun a gicciye. Fasta mai inci 18 da 24, wato wajen santimita 46 da 61, wadda ita ce girman da aka fi yi yanzu, guda biyu ko uku sun ishe ta. Hikimar abin biyu ce, ɗan danshi kawai ke sakin sitati ko bayan shekaru, sannan da gangan ake sa maratayin ya fi fastar rauni, in firam ya faɗo shi zai yage ba ita ba. Amma fa in ba ka taɓa yi ba kar ka koya a kan fastarka, ruwa ya yi yawa kaɗan wurin zai kumbura ya nuna ta gaba.

In mai firam ɗinka bai iya wannan ba, akwai hanya mai sauƙi wadda ba abin da ke taɓa fastar da danƙo, wato 'yan aljihunan kusurwa na leda mai kyau, foliyesta irin Mylar ko Melinex. Ana liƙa su a allon baya, a zura kusurwoyin fastar a ciki, a bar ɗan sarari kar su matse ta. Ga manya ana ƙarawa da dogayen maƙalai a gefen ƙasa su ɗauki nauyin. Wannan shi nake ba ka shawara ga tsohuwar taka ta kwali. Irin waɗannan da aka riƙa bugawa a kwali mai inci 14 da 22 ana kafewa a jikin turakun waya da tagogin shaguna, ba a yi su don su yi shekara ba ma balle 60, kwalin na niƙaƙƙen itace ne mai arha, yanzu ya bushe ya yi gautsi, kusurwa na iya ɓallewa a hannunka. Kar ka ɗaga ta da hannu ɗaya, ka zura allo a ƙarƙashinta ka ɗauka. Nauyinta kuma ya fi ƙarfin siririyar takardar Japan, gara ta zauna a kan abin da ya tallafe ta ta ƙasa.

Sai kwalin nan mai taga a tsakiya da ake zagaye hoto da shi, mat. Mutane na ɗauka ado ne, alhali babban aikinsa ya raba fastar da gilashi. Kuma a nan ake yawan cutar mutane ba da sani ba. Kwali mai arha da niƙaƙƙen itace ake yinsa, a cikinsa akwai lignin, shi ne abin da ke sa tsohuwar jarida ta yi ja ta karye, yana ruɓewa yana fitar da asid, asid ɗin kuma na tsallakawa jikin abin da ke kusa. In ka ga tsohon hoto da siririn layi ruwan ƙasa ya zagaye shi daidai bakin tagar mat, ƙunar asid ce. Ka duba firam-firam ɗin da ke rataye a shagon ma, ka kalli bakin yankan tagar, in cikin kwalin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa to ka san irin kayan da ake aiki da su. Abin da za ka nema shi ne na auduga zalla, ko wanda aka tace aka cire lignin ɗin gaba ɗaya, yawanci ana sa musu alli kaɗan don ya riƙa kashe asid. Kalmar babu asid ita kaɗai ba ta isa ba, wani kwalin itacen ne aka zuba wa alli, yau ba asid, bayan wasu shekaru allin ya ƙare ya koma halinsa. Ka tambaya kai tsaye: auduga ne? An cire lignin? Kaurin da aka saba wajen milimita 1.5 ne, ga babbar fasta mai ɗan tudu gara mai milimita 3 ko a ninka biyu. Allon da fastar ke kwance a kai shi ma irin wannan kwalin ne, ba kwalin katan ba, ba filawud ba, ba allon garin katako ba. Kuma a yanka tagar yadda lamba da sa hannu za su fito, ta hau gefen fastar da 'yan milimita kawai.

In ba ka son mat, kana so a ga takardar har bakinta, ba matsala, amma sai an sa siraran sandunan roba a ɓoye cikin kwarmin firam su ɗage gilashin. Ko ta yaya dai kar gilashi ya taɓa tawada. Da zafi da sanyi suna musanya, raɓa na taruwa a cikin gilashi, tawadar ta yi laushi ta kama, ranar da aka zo buɗewa sai wani ɓangaren zanen ya biyo gilashin. Wannan firam mai arha na gilashi da allo da 'yan maƙalan ƙarfe, wanda ake matse hoto a tsakani, shi ne ya fi kowanne yin wannan ɓarna. Tsakanin gilashi da akirilik kuwa, wato robar nan mai kama da gilashi, ga babbar fasta ni akirilik nake zaɓa, ya fi sauƙin nauyi kuma in ya faɗi ba ya tarwatsewa ya yayyanka takarda. Aibunsa yana saurin ƙarzuwa kuma yana jan abu da lantarkin gogayya, don haka in tawadar tsohuwar taka na ɓarɓashi kar a sa mata shi, sai dai irin wanda aka yi wa maganin hakan. Akwai kuma wani gilashi mai dishi-dishi da ake cewa ba ya ƙyalli, ka bar shi, da zarar an ɗage shi daga jikin hoto sai ya dusashe zanen. Wanda aka shafa wa sinadarin hana ƙyalli daban ne, shi garau yake, sai dai tsada.

To ga babbar magana, haske. Duk abin da na lissafa a sama ana iya kauce masa gaba ɗaya in an yi aiki mai kyau, amma haske ba a kauce masa, duk ranar da fasta ta yi a bango akwai abin da ta biya, kuma ba ya dawowa. Ɓarnarsa taruwa take. Gidajen tarihi suna nuna ayyukan takarda a hasken da bai wuce luks 50 ba (luks shi ne ma'aunin ƙarfin haske), wanda in ka shiga za ka ce ɗakin da duhu-duhu, kuma ko a hakan 'yan watanni suke bari su mayar ma'ajiya. Rana tsaka a waje tana kaiwa luks 100,000. Lissafin kuma mai sauƙi ne, ƙarfin haske sau tsawon lokaci: awa 1 a luks 5,000 daidai yake da awa 100 a luks 50. Bangon da ke kallon taga yana iya cinye wa fasta a wata guda abin da bangon lungu ba zai ci a shekara ba. Ka sauke manhajar auna haske a waya, ba ta kai na'urar gaske ba amma za ta nuna maka bambancin wannan bango da wancan, ka auna da safe da rana da yamma, domin akwai bangon da rana ke lasa na minti 40 kawai kullum kai ba ka gida.

Gilashi mai tare hasken UV, wato hasken nan da ido ba ya gani amma yake cin launi, ka saya in da hali, masu kyau irin na kamfanin Tru Vue suna tare kashi 99 cikin 100, gilashin taga na yau da kullum kuwa abin da yake tarewa bai kai rabi ba. Amma kar wani ya ce maka da shi shikenan ka rataye ko'ina. Hasken da ido ke gani shi ma yana kashe launi, kuma wannan ba gilashin da zai tare shi sai dai in ba ka son ganin fastar. Launuka kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. A bugun maɗaba'a na yau da kullum ja da rawaya ke fara tafiya, shi ya sa tsohuwar fasta a tagar shago take komawa shuɗi-shuɗi. Mafi rauni duka su ne launukan nan masu walƙiya, Day-Glo, ruwan lemo da ruwan hoda da kore masu kashe ido, irin waɗanda kamfanin Globe Poster na Baltimo, wanda aka kafa a 1929, ya yi suna da su a fastocin su James Brown da B.B. King. Waɗannan in rana ta same su cikin ɗan lokaci walƙiyar ke mutuwa su koma fayau. In tsohuwar taka irin wannan ce, ni da kaina ba zan rataye ta dindindin ba, zan sa a ɗauki hotonta mai kyau a buga kwafi a rataye, a rubuta kwafi a bayansa don kar ya rikita wani nan gaba, ita kuma ta kwanta a duhu. Sa hannu ma haka, na fensir ba ruwansa da haske, shi ya sa masu zane ke amfani da shi, amma in mawaƙin ne ya sa maka hannu da alƙalamin maka ko biro, wannan yakan riga zanen ɓacewa. Fitila kuwa LED ka sa, kusan ba ta fitar da UV kuma ba zafi sosai, ka guji doguwar farar fitila ta bututu da halojin, musamman 'yar fitilar nan da ake maƙalawa a saman firam tana gasa hoto. Tunda uku gare ka, ka riƙa juyi, ɗaya a bango wata uku zuwa shida, sauran suna hutawa. In kana son sanin ko ta fara dushewa, ranar da aka buɗe firam ka ɗaga mat ka kwatanta launin da ke ɓoye a ƙarƙashinsa da na fili.

Danshi shi ne na biyu. Abin da ake so kashi 30 zuwa 50 cikin 100, zafi kuma wajen digiri 21 ko ƙasa, amma gaskiya a gida abin da ya fi muhimmanci kar ya riƙa hawa da sauka da sauri. Da danshi ya zauna sama da kashi 65 fumfuna ta samu wurin zama, sai ka fara ganin ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a farin gefe, ga asu da kyankyaso da ke son sitati da takarda mai laima. Ɗan ma'aunin danshi na batir ya isa ya gaya maka halin ɗakin. Kar ka rataye a kicin ko kusa da banɗaki, ko ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, ko bangon da ruwan sama ke duka ta waje, ko inda hayaƙi ke tashi. A bayan firam a liƙa 'yan ƙwallayen roba a kusurwoyin ƙasa don iska ta riƙa wucewa tsakaninsa da bango. Wajen gogewa a ƙyalle ake fesa ruwan, ba a gilashi ba, in ka fesa a gilashi yana gangarawa ya shige ta ƙasan firam mat ya tsotse, akirilik kuma ba a sa masa mai ammoniya.

Shi kansa firam ɗin, a yi shi ya fi abin da ke ciki da wajen milimita 3 don a samu wajen motsi. Katako yana fitar da tururin asid, don haka kar bakin fastar ya taɓa shi, a liƙe kwarmin ciki da tef mai alminiyam. Firam na alminiyam ba shi da wannan matsalar, sai dai 'yan ƙarafan da ke tokare bayansa in sun matse da yawa suna hana takarda motsi. A rufe baya da allon roba mai ramuka ko kwali marar asid, a bi da takarda a toshe ƙura da ƙwari, a rataye da ƙusa biyu. Duk bayan 'yan shekaru a buɗe a duba.

In tsohuwar tana da hujin ƙusa ko na sitefila a kusurwa, ko ɗan yagewa, ka bar mata abinta. Hujin nan shaida ce an taɓa kafe ta a titi ta yi aikin da aka buga ta dominsa, masu saye da yawa sun fi son haka a kan wadda aka yi wa kwaskwarima. Kar ka cike launi da maka, kar ka goge datti da jiƙaƙƙen ƙyalle, kar ka ɓanɓare tsohon salatif da farce, gyaran gangar Auzinawa kenan. Za ka kuma ji ana maganar manna fasta a kan yadi, abin da ake yi wa manyan fastocin fim da tsofaffin tallace-tallacen Faransa masu siririyar takarda. A can an karɓe shi, amma masu tara fastocin waƙa yawanci ba sa so, saboda dalilin da na faɗa na rufe baya, sai in takardar ta kai ba za ta iya riƙe kanta ba.

Waɗanda ba sa bango kar su koma bututu. A kwance ake ajiye su, kowace a cikin rigar foliyesta ko tsakanin takardu marasa asid, a faffaɗan akwati ko aljihun tebur mai faɗi, sama da ƙasa ba a kan daɓe ba. Ledar PVC, wannan mai taushi mai warin roba, tana fitar da maiƙo tana kama tawada, ka nisance ta. Kafin a rufe firam ka ɗauki hoton gaba da baya da gefuna da lambar, ka auna tsawo da faɗi ka rubuta a wata takarda daban tare da inda ka samo ta, don kar sai an sake buɗewa duk lokacin da wani ya tambaya.

Kuma in kana da tikitin wasan kana so a haɗa shi a firam ɗaya, ka duba irinsa tukuna. Mafi yawan tikitin shekarun baya-bayan nan takarda ce mai aiki da zafi irin ta rasit, ba tawada a jikinta, sinadari ne ke yin baƙi in ya ji zafi. Haske yana goge rubutun, zafi kuma yana baƙanta ta gaba ɗaya, in aka kuskura aka sa ta a injin lamineshan baƙa ƙirin za ta fito. Ka yi kwafinsa mai launi a sa a firam, a yanka masa tasa tagar daban a mat kar ya hau kan fastar, na ainihin kuma ya zauna a ambulan a wuri mai sanyi da duhu.